Mai Hoto da Batirin Safaya a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Batirin safaya shi ne batir na biyu ko na uku da mai ɗaukar hoto yake cikawa da caji ya jefa a jaka kafin ya fita aiki, domin ya maye gurbin na cikin kyamara idan ya ƙare. Ɗan ƙaramin abu ne, yawancinsa bai wuce nauyin giram 50 zuwa 80 ba, amma duk aikin kyamarar zamani a kansa ya rataya. Allon kyamara, da injin da ke daidaita gilashi, da fitilar filasha, da katin da ake adana hotuna, babu wanda zai motsa idan babu wuta.

A zamanin fim ba haka abin yake ba. Kyamara irin Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976, da hannu ake ja mata fim, kuma ko batirinta ya mutu tana ɗaukar hoto, domin ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa. Da kyamarar dijital ta zo sai lissafi ya sauya. Ta farko da injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975 batura 16 take ɗauka, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda. Tun daga nan kyamara ta ƙanƙance, ta yi sauri, ta yi kyau, amma dogaronta ga batir sai ƙaruwa yake yi.

Yanayin aikin hoto a kudancin Sakkwato

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga babban birnin jiha. Kebbe kuwa tana can ƙuryar kudu, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi. Mai hoton da ke da shago a ɗaya daga cikin garuruwan nan ba a shago yake samun yawan abincinsa ba. Kiransa ake yi zuwa Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, zuwa Kuchi ko Girkau ko Margai, da ƙauyukan da ke bayansu, galibi a kan babur. Ayyukan da ke jiransa su ne ɗaurin aure, da zanen suna, da walimar saukar Alƙur'ani, da hawan Sallah, da dambe da kokawa bayan kaka, da taron siyasa, da ranar su a tafki irin na Romo.

Abubuwa biyu ne suka haɗa waɗannan ayyuka. Na farko, ba a maimaita su. Ɗaurin aure mintuna kaɗan ne: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, jama'a su watse. Ba wanda zai ce wa liman ya sake domin kyamara ta mutu. Zanen suna kuma da sassafe ake yin sa, kafin wani shagon caji ya buɗe. Na biyu, wutar da za a sake cika batir ba ta kusa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma ko a garuruwan da layi ya isa, wutar da jama'a har yau suke kira ta NEPA ba ta da lokacin zuwa. Ƙauyuka da yawa ma da masu cajin waya suka dogara, masu janareta ko sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta domin cajin batir ɗaya ya zama asara. Ga kuma halin tsaro a wasu sassan yankin, wanda ya sa ba kowa ke son bin hanya bayan magariba ba, balle a ce a koma gari a yi caji a dawo.

Saboda haka wanda aka ba kuɗin aiki ya je da batir ɗaya, ya yi wasa da amanar mutane. Aron batir a wurin taro ma ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da irin nasa, har a cikin kamfani ɗaya batirin wannan kyamara ba ya shiga waccan. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Abin da lambobin jikin batir suke nufi

Kusan duk kyamarorin yau da batirin litiyam suke aiki, irin na wayar hannu. Kamfanin Sony ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta ilmin sinadarai. Falalarsa ita ce yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, kuma ba dole sai ya ƙare ƙarƙaf za a sake cajinsa ba.

A jikin kowane batir akwai lambobi biyu. Ɗaya tana nuna ƙarfin turin wuta, wato bolt, wanda a yawancin kyamarori yake tsakanin 7 da 7.4. Ɗayar kuma, mai alamar mAh, tana nuna yawan wutar da batirin yake riƙewa. Idan aka ɗauki batir a matsayin tankin ruwa, mAh ita ce girman tankin, bolt kuma ƙarfin da ruwan yake fita da shi. Batirin LP-E10 na ƙananan kyamarorin Canon irin 1300D yana da mAh 860. LP-E8 na 600D da 700D yana da 1120. LP-E6N na manyansu yana da 1865. EN-EL15 na Nikon yana da 1900, NP-FZ100 na Sony kuma 2280.

Akwai kuma adadin hotunan da kamfani yake cewa caji ɗaya zai ɗauka. Da ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, CIPA, ake fitar da shi, a yanayi mai digiri 23 da sabon batir. Canon 600D, alal misali, an ƙiyasta mata hotuna 440 idan ta kafar leƙe ake ɗauka, amma 180 kacal idan ta allo ake kallo. Nikon D3500 an ba ta 1550. Sony A6000, wadda ba ta da madubi a ciki, tana tsakanin 310 da 360. Wannan bambanci yana da dalili. A kyamara mai madubi, wadda ake kira DSLR, ido yana ganin abin da za a ɗauka ta cikin gilashi ba tare da an ƙona wuta ba. A maras madubi kuwa, na'urar karɓar haske da allo a kunne suke muddin kyamarar tana kunne, ko ana ɗauka ko ba a ɗauka.

Abubuwan da ke shanye caji

Bidiyo ne kan gaba. Batirin da zai yi wunin biki yana ɗaukar hotuna, da ƙyar zai wuce awa ɗaya da rabi idan aka juya shi zuwa bidiyo, ga shi kuma masu biki a yau hoto da bidiyo suke so a haɗa masu. Bayansa sai allo. A tsakar rana a filin Idi, hasken rana yakan sa a ƙure hasken allo domin a ga abin da ke ciki, wannan kuwa yana cin wuta sosai. Akwai kuma al'adar nuna wa mutane hotonsu nan take. A wurin kamu ko walima kowace ƙawar amarya tana son ta ga yadda ta fito, yara su yi cincirindo, a yi ta juya hotuna gaba da baya, caji yana tafiya ba a ƙara hoto ko ɗaya ba.

Filashar da ke jikin kyamara daga batirin kyamara take sha, kuma shagulgulan mata yawanci a cikin gida ko da dare ake yin su. Na'urar hana hoto rawa da ke cikin wasu gilasai tana ci, haka ma yawan taɓa maɓallin ɗauka rabi-rabi domin daidaita gilashi. Wi-Fi da Bluetooth da ake tura hoto zuwa waya da su, idan aka bar su a kunne, suna zuƙar wuta a ɓoye.

Ana rage wannan ɓarna da 'yan dabaru: a saita kyamara ta yi barci da kanta bayan minti ɗaya, a kashe nuna hoto bayan kowace ɗauka, a riƙa amfani da kafar leƙe idan kyamarar mai madubi ce, a kashe Wi-Fi sai lokacin turawa, a bar zaɓe da goge hotuna sai an dawo gida. Dabarun suna ƙara wa batir tsawon wuni, amma ba sa maye gurbin safaya.

Batura nawa suka isa?

Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. A ɗauki mai hoton da ke da 600D, aka kira shi biki a wani ƙauyen Kebbe, zai ɗauki hotuna kimanin 400 da bidiyon awa ɗaya da rabi. Hotunan za su cinye batir ɗaya, bidiyon ya cinye na biyu. Idan baturan sun shekara biyu ana aiki da su, ƙila kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsu ne ya rage, ga nuna hoto ga filasha, sai a ƙara na uku. Na huɗu shi ne na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai abin da ba a zata ba ya faru: biki ya ja har dare, ko wani batir ya ƙi aiki, ko maƙwabcin mai biki ya ce shi ma a ɗauki iyalinsa.

Ƙa'idar ita ce a ƙiyasta abin da aikin zai ci, sannan a ƙara ɗaya. Idan kwana za a yi, kamar mai zuwa bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, sai a ninka lissafin da yawan kwanaki ko a tafi da hanyar caji. A riƙa sauya batir tun yana da saura, a lokacin da taro ya lafa. Idan alama ta nuna sanda ɗaya kuma ana shirin ɗaura aure, a sauya kafin a fara. Idan batir ya mutu ana cikin ɗaukar bidiyo, fayil ɗin yana iya lalacewa gaba ɗaya, a rasa har abin da aka riga aka ɗauka.

Zafin bazara, ƙurar hunturu, ruwan damina

Littattafan hoto da aka rubuta a Turai sanyi suke yawan gargaɗi a kai. A ƙasar Sakkwato zafi ne babban abokin gaba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana iya wuce 60. Sanyi yana rage ƙarfin batir na ɗan lokaci ne, da ya ji ɗumi sai ya farfaɗo. Zafi kuwa yana tsufar da sinadaran da ke ciki, kuma abin da ya lalata ba ya dawowa. Ɓarnar ta fi tsanani idan batirin a cike yake. Don haka ba a barin jakar kyamara a kan kujerar mota, ko a ɗaure kusa da inji da salansar babur, ko a ɗakin kwano da rana tsaka. Baƙar jaka tana jan zafi, sai a nema mata inuwa ko a lulluɓe ta da farin ƙyalle.

A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba ba ya kai na ƙasashen ƙanƙara, amma yana tona asirin tsohon batir: ya nuna a cike, a ɗauki hotuna kaɗan ya faɗi. Maganinsa a ajiye safaya a aljihun ciki, kusa da jiki. Ƙura ita ce matsala ta biyu. Tana taruwa a kan 'yan ƙarafan da batir yake haɗuwa da kyamara, har kyamara ta ƙi ganinsa. Busasshen ƙyalle mai tsabta ya isa a goge su. Lokacin sauya batir a filin dawakai ko dandalin dambe, a juya wa iska baya, a rufe murfin da sauri.

Da damina kuma laima ce abin tsoro, musamman ga mai ratsa fadama ko shiga kwalekwale. Leda mai zif ko ƙaramar robar da ke rufuwa gam ta wadatar. Batirin da ya jiƙa ba a saka shi a kyamara ko a caja.

Yadda ake ɗaukar safaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jefa batir tsirara a aljihu tare da makullin babur ko wani ƙarfe. Idan ƙarfe ya haɗa bakunan batir biyu, wuta takan zagaya nan take, batirin ya yi zafi, har ya iya kamawa. Shi ya sa sabon batir yake zuwa da murfin roba. Wanda ya ɓatar da murfin sai ya liƙa salatif a bakin, ko ya ba kowane batir tasa 'yar jaka.

Ana kuma bukatar hanyar bambance cikakke da wanda ya ƙare, domin a cikin hayaniya duk kamarsu ɗaya. Murfin wasu baturan Canon yana da 'yar kafa: idan aka juya shi ta yadda shuɗin tambari ya bayyana, alama ce a cike yake. Wasu masu hoto aljihu biyu suke warewa, cikakku a dama, waɗanda suka ƙare a hagu. Yana da kyau a rubuta wa kowane batir lamba da watan da aka saye shi, a riƙa juya su bi da bi, domin kada ɗaya ya tsufa ya bar sauran, kuma a gane wanda ya fara rauni.

Caji a inda wuta ba ta da tabbas

Cajar kyamara takan cika batir cikin awa biyu ko fiye kaɗan. Yawancinsu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunsu ba. Abin da ke ƙona su shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko hawa da saukar ƙaramin janareta. Idan aka ɗauke wuta a zare caja, a bari ta dawo ta zauna kafin a mayar. A shagon caji, inda ake jera wayoyi da dama a kan allo ɗaya, a tabbata cajar ba ta cikin rana kuma ba a danne ta da wasu kaya ba. Ba a cajin batirin da ya fito daga aiki da zafinsa sai ya huce, ba a kuma cajinsa a kan katifa ko ƙarƙashin matashi.

Cajar da ke aiki da USB, mai ramuka biyu, ta sauƙaƙa wa mai aikin ƙauye. Ana haɗa ta da fawa-bank, ko da sola, ko da cajar mota. Fawa-bank mai mAh 20,000 yana riƙe da kimanin Wh 74 (Wh shi ne ma'aunin jimillar wutar da batir yake riƙewa), batirin LP-E8 kuma kimanin Wh 8. Bayan an cire wutar da ke salwanta a hanya, zai cika irin wannan batir sau 5 ko 6. Ta haka wanda ya ƙare da safe yana cikin jaka yana shan caji yayin da ake aiki da na biyu. Sababbin kyamarori da yawa ma ana cajinsu kai tsaye ta USB-C.

Batir yana zubar da caji a hankali ko ba a aiki da shi, musamman idan yana cikin kyamara. Saboda haka a daren jajibirin aiki ake cika su, a gwada kowanne a kyamara. Idan kuma za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye su da rabin caji a wuri mai sanyi, a riƙa duba su bayan 'yan watanni. Batirin da aka bari ya ƙare ƙarƙaf ya daɗe a haka yana iya ƙin karɓar caji har abada.

Saye: na asali, na wani kamfani, da jabu

Batura iri uku ne a kasuwa, ko a Sakkwato aka saya, ko aka yi saƙo daga Kano ko Legas. Akwai na asali daga kamfanin kyamarar, mai tsada da ƙarko. Akwai na wasu kamfanoni da suke buga sunansu a fili, masu sauƙin kuɗi, waɗanda nagarinsu suke aiki daidai gwargwado. Sai jabu, mai ɗauke da sunan babban kamfani na ƙarya. Jabu ne mai haɗari, domin sau da yawa ba shi da cikakkiyar na'urar da ke tsayar da caji idan ya cika ko ya yi zafi.

Ana gane shi ta rashin nauyi, da dusashewar rubutu, da farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, da kurin lamba. Idan na asali mAh 1120 ne, aka ga mai girmansa an rubuta masa 4000, ƙarya ce, domin jikin ba zai ɗauki haka ba. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi kyamara ta hannu ya ɗauka cewa batirin da ta zo da shi ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Wasu kyamarorin suna taimakawa: manyan Canon suna nuna lafiyar batir da 'yan murabba'ai uku, wasu Nikon kuma da lamba daga 0 zuwa 4.

Filasha, waya da tafiya a jirgi

Filashar da ake ɗorawa a kan kyamara yawanci ƙananan batura huɗu take ɗauka, masu girman AA. Masu arahar da ake saka wa tocila da rediyo ba sa jure mata, bayan 'yan hotuna sai ta riƙa jinkirin cika. Waɗanda ake sake caji, irin Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, sun fi sauri kuma sun fi sauƙin kuɗi idan aka daɗe ana aiki da su. A riƙe su jeri-jeri, huɗu-huɗu, kada a gauraya sabo da tsoho. Fitilar bidiyo da makirfo maras waya su ma kowanne da nasa batir, kuma kowanne yana bukatar safaya. Mai ɗauka da wayar hannu, wadda batirinta ba ya cirewa, fawa-bank da igiya mai kyau su ne safayarsa.

Ga mai tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato, zuwa aikin Hajji ko Umara ko wata tafiya, dokar jiragen sama ta hana saka batirin litiyam na safaya da fawa-bank a cikin kayan da ake aunawa. A jakar hannu ake riƙe su, bakunansu a rufe. Wanda bai wuce Wh 100 ba ba ya bukatar izini, kuma baturan kyamarorin da aka ambata a nan duk suna ƙasa da haka nesa.

Ƙarshen rayuwar batir

Batirin litiyam yakan yi cikakken caji sau 300 zuwa 500 kafin rauninsa ya bayyana, a ƙasa mai zafi kuma yana iya gazawa kafin haka. Alamominsa su ne saurin cika da saurin ƙarewa, da zafi fiye da kima a caja, da kumburi. Idan batir ya fara shiga raminsa da ƙyar, ko aka ɗora shi a tebur yana lilo, ya kumbura, kuma daga ranar an daina aiki da shi. Tura shi da ƙarfi yana iya sa ya maƙale ya fasa kyamarar.

Ba a huda shi, ba a fasa shi, ba a ba yara su yi wasa da shi. Ba a kuma jefa shi a bola, domin a garuruwan nan ana ƙona shara, ana kuma kwasar ta zuwa gona a matsayin taki. A wuta fashewa yake yi, a ƙasa kuma sinadaransa su tsiyaye. A liƙe bakinsa da salatif, a saka shi a gwangwani mai yashi nesa da ɗakin kwana, sannan a miƙa shi ga dillalin kayan kyamara ko mai gyaran waya da ke tara matattun batura. Idan batir ya fara hayaƙi, a zare caja daga wuta, a nisantar da mutane daga hayaƙin, a rufe shi da yashi ko a kwarara masa ruwa mai yawa, a kuma bar shi a fili har ya huce sarai, domin yana iya sake kamawa bayan an zaci ya mutu.